Albasar Bayan Tudu

Ni mai surutu ne, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba. A Shagari na tashi, a hannun kawuna Ɗanladi, ƙanin mahaifiyata, dillalin albasa wanda in ya soma gaisawa da kai a bakin kasuwa sai ka nemi wurin zama. A gidansa in miya ta yi daɗi sai an faɗa, in gishiri ya yi mata yawa ma sai an faɗa, a yi musu a kai, har maƙwabta su leƙo su raba gardama. Tun ina shekara uku aka kai ni can, don ni ne ɗan fari, kuma a wajenmu ba a cika barin ɗan fari ya girma a gaban iyayensa ba. Sunan kakana aka sa mini, Zainulabidin, saboda haka mahaifina, Malam Mainasara na Danchadi, dalili biyu gare shi na ƙin kama sunana. "Wancan yaron" yake cewa, ko da kuwa ina zaune gwiwata na gogar tasa.

Wannan bai taɓa damuna ba, al'ada ce, kowa ya san ta. Abin da ban sani ba sai da na koma gabansa shi ne ba ni kaɗai yake yi wa shiru ba. Haka Allah ya yi shi. Mutum ne da zai wuni a fadama ya dawo, in ka tara duk abin da ya faɗa bai kai gaisuwar kawu Ɗanladi ta safe ba.

Ina da shekara ashirin da takwas, da matata Ummukulsum da 'yarmu ɗaya, Halima, aka aiko kirana. Ƙanina Anas, wanda ke taya Baba aikin fadama, ya samu aikin koyarwa a birni, gwiwar Baba kuma ta soma ba shi wahala. Saƙon da aka kawo mini gajere ne kamar mai shi: "A ce ma wancan yaron shi taho." Wallahi na ji daɗi. Na zagaya rumfunan kasuwar Shagari ina gaya wa kowa cewa ubana na nemana, har waɗanda ba su tambaye ni ba. Albasar Malam Mainasara sananniya ce daga Bodinga har Mandera. Ja ce wur, ga auki, kuma tana kai damina a ajiye ba ta narke ba. Manoma na zuwa takanas neman irinsa, shi kuwa da hannunsa yake fitar da shi kowace shekara, kamar yadda ubansa ya yi. Abin da nake so a duniya shi ne ya yarda na isa in gaji wannan aikin, kuma in ji ya faɗa da bakinsa.

Mun iso Danchadi ana cirar albasa, zafi ya soma. Tun ranar farko na buɗe baki. Baba, me ya sa ake barin ta a ƙasa kwana da kwanaki kafin a kwashe? Baba, me ya sa kake yanke ganyen da ɗan tsawo? Baba, wannan da wancan wanne ya fi? Amsar duka ɗaya ce.

"Hm."

Wani lokaci ya ɗaga albasa ya nuna mini, ya juya ta, ya ajiye, ya ci gaba da aikinsa, ni kuma in tsaya ina jiran bayanin da ba zai zo ba. Na saba da gidan da in ka yi daidai za a ce ka yi daidai, in ka ɓata a zage ka tas, ka san inda ka tsaya. A nan ba yabo ba zagi. Nakan dawo gida in cika wa Ummukulsum kunne, ta ce in yi haƙuri, tsoho ne. Inna Balaraba, mahaifiyata, ita ma kunyar ɗan fari ba ta barin ta ta zauna hira da ni. In na shigo gaishe ta sai ta juya tana amsa wa bango.

Muka zuba albasa a rudu, wato rumbun nan na kara da ciyawa da ake ɗaga shi daga ƙasa don iska ta riƙa ratsa shi. Damina ta zo muka koma kan gero da dawa. Wata biyar ina noma kafaɗa da kafaɗa da mutumin nan, ina ba shi labarin kasuwa, labarin direbobin da ke lodin Kudu, labarin yadda kawu ya taɓa faɗawa cikin kwata yana tsaka da ciniki bai daina cinikin ba. Sau ɗaya na ga gefen bakinsa ya motsa, kuma har yau ban tabbatar ko dariya ce ko ƙuda ya kora ba.

Bayan an yanke gero aka buɗe rudu. A nan ake zaɓen albasar da za a mayar ƙasa ta yi fure ta ba da iri, kuma cikin wadda ta jure damina ake zaɓa. Da safe Baba ya shimfiɗa tabarmi, muka zazzage albasar a kai. Ya ɗauki kwanduna biyu ya ajiye gabansa, ya ɗauki biyu ya turo mini da ƙafa. Wannan kam na gane.

To, a nan ne zan yabi kaina, tunda ba wanda ya yabe ni a ranar. Ban iya noma kamar Anas ba, amma tun ban kai tsawon buhu ba hannuna ke cikin buhun albasa. Na san wadda za ta kai Kudu lafiya da wadda za ta zubar da ruwa a hanya ta ɓata 'yan'uwanta. Na zauna na tsince su ɗaya bayan ɗaya. Mai siririn wuya da ya bushe ya rufe nake nema. Mai ɓawo a manne, ba sako-sako ba. In danna kanta da babban yatsa in ji ko za ta lotsa, in shinshina gindinta, in auna ta a tafin hannu. Mai 'ya'ya biyu a ciki, ko ta kai kan jariri girma, in jefar da ita gefe. Ina yi ina faɗin dalili da ƙarfi, don ba na iya aiki baki a rufe. Maƙwabcinmu ya tada injin ban ruwa kusa da mu yana ta ƙara, ni ma na ƙara murya.

Da na gama, Baba ya jawo kwandunana. Ya ɗauki kowace albasa ya kai ta kusa da idonsa, ya juya, ya mayar. Tun hantsi har rana ta take yana abu ɗaya. Ni kuwa ina tsugune kamar wanda ake duba wa jarrabawa. Da ya mayar da ta ƙarshe ya kakkaɓe hannunsa.

"Hm," ya ce.

Washegari muka yanke kawunan albasar, muka barbaɗa musu toka. Nasa kwandunan biyu muka dasa su a bakin rijiya, tsakiyar fadama, gefen hanyar da kowa ke bi, inda ƙasa ta fi kyau kuma injin ke kai ruwa. Na juya in ɗauko nawa sai na ga ya riga ya ɗora su a kan jaki.

"Baba, ina za a kai nau?"

"Bayan tudu."

Na san wurin da sunansa kawai. Wata 'yar gona ce can bayan tudun da ke gabas da gari, tafiya ce mai ɗan nisa, ba mai noman rani a kusa da ita, ba inji, sai wata tsohuwar rijiya da ake ja da guga.

"Bayan tudu? Wurin da babu kowa? Mi sunka yi, Baba? In da aibi gare su hwaɗa man in sani."

Ya gyara igiyar jakin, bai dube ni ba. "Can ad daidai da su," ya ce, ya kora jakinsa.

Na tsaya a wurin ina bin sa da kallo. Ga nasa a gaban jama'a, nawa kuma an kai shi inda ido ba zai gani ba, kamar abin kunya. Na ce a raina da ma zagina ya yi, da ma cewa ya yi ban iya ba, da na san abin da zan gyara. Na rantse ƙafata ba za ta taka bayan tudun nan ba, kuma ni in na rantse sai na gaya wa mutane, don kada in samu hanyar janyewa. Na gaya wa Ummukulsum. Na buga waya Shagari na gaya wa kawu, na gaya wa abokaina na kasuwa. A Danchadi ne kawai ban gaya wa kowa ba, don kunya ta hana ni in ce ubana ya raina zaɓena. Ka ga wautar mai surutu: na ba kowa labari ban da mutanen da suka san amsar.

Daga ranar wani abu ya soma ba ni haushi. Kullum in na dawo daga sallar asuba sai in tarar da garwar ban ruwa a bakin ƙofar sashena, tsaye a tsakiyar hanya. Ranar farko na yi tuntuɓe da ita, na fasa yatsa. Na ɗauka wani ne ya manta da ita, na kai ta zaure. Washegari ga ta nan. Na yi faɗa, na ce gidan nan ba a san inda ake ajiye kaya ba. Daga baya na daina ɗauke ta, sai in shure ta gefe in wuce. Baba kuwa kullum in na fito zai riga ya zauna a dakalin ƙofar gida da tasa garwar, ya ɗan jima, sannan ya tashi yana ɗingishi ya nufi gabas shi kaɗai. Ni in nufi fadama. Da hantsi ya same ni a can, mu yi aiki har la'asar. Na rage magana don ya ji zafi, amma ban ga alamar ya lura ba, ni ne ma na kusa yin ciwo.

Sanyi ya shigo, albasar Baba ta bakin rijiya ta yi kore shar, har ta soma fitar da sandar fure. Masu wucewa na tsayawa suna sa albarka. Wata safiya na iso na tarar da shi a tsugune yana tuge ta, ɗaya bayan ɗaya, yana tarawa.

"Subhanallahi! Baba, lahiya? Cuta tak kama ta?"

"Ba a bukatatta."

"Kamar ƙaƙa ba a bukatatta? To irin baɗi hwa?"

"Ɗauko igiya," ya ce.

Muka ɗaure ganyen aka kai wa Inna. Ta daka, ta dunƙula gabu, ta shanya a kan rufin ɗaki, aka yi ta sa mana a miya. Ni kuwa na zauna na haɗa labarina da kaina, kuma na iya haɗa labari. Na ce lalle wata cuta ya gani a jikinta, girman kai ya hana shi faɗa. Yanzu gidan Mainasara ba shi da iri, amma duk da haka bai ce mini mu je mu duba nawa ba. Ke nan ya gwammace ya je Dingyadi ya nemi iri a hannun baƙi da ya waiwayi abin da hannuna ya zaɓa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na ga ba ni da wuri a gidan nan, ƙarfina kawai ake so.

Ummukulsum ta ce, "Baban Halima, ka tai ka gani mana. Tudun ga ba Makka na ba."

"Na rantse."

"Wa yas sa ka?"

Sai na buga wa kawu waya. Tun ban kai ƙarshe ba ya karɓe zancen. "Ashe! Yaron da nir rena da hannuna? Yaron da ko cikin barci shina bambance albasa? Tattara kayanka, rumhwata na nan tana jiranka. Amma sai na zo na hwaɗa ma mijin yayata abin da ac cikin raina, ni ba ni da kunyatai."

Ran Asabar da safe ya iso a kan babur, babbar riga na kaɗawa. Mun riga mun ɗaure kaya, Ummukulsum na zaune a kan akwati. Ranar ma garwar na bakin ƙofa, na tsallake ta. Kawu ya tare Baba a zaure kafin ya fita, ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gwiwa, ya tambayi sanyi, ya tambayi jaki, sannan ya gyara zama. Na tsuguna daga bakin ƙofa kaina a ƙasa.

"Malam, ka san ni, matakka yayata ta, ba ni ɓoye maka magana. Yaron ga shekara ashirin da biyar shina hannuna, ban taɓa ganin ya rame ba sai da yaz zo wurinka. Mi yay yi maka? In albasatai ba ta yi ba, hwaɗa mai. In ta yi, hwaɗa mai. Baki gare ka, Allah bai hana ka ba. Amma ka ɗauki zaɓen yaro ka kai bayan gari awa mushe, naka ya lalace kuma ka ƙi ko dubin nashi? To na zaka in tahi da abina."

Bai tsaya nan ba. Ya kawo tarihin ranar da aka kai ni Shagari, ya kawo ƙyandar da na yi, ya kawo ranar da na fara gane ruɓaɓɓiyar albasa a tsakiyar buhu da hanci kawai. Baba na zaune hannunsa a kan gwiwa yana kallon tabarma. Sau ɗaya ya ɗago, lokacin da kawu ya ce "in tahi da abina". Ya dubi cikin gida, inda ake hango kayanmu a ɗaure, ya daɗe yana kallonsu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Sai ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki garwarsa.

"Ku taho," ya ce.

Na ce a raina rantsuwata fa? Amma ba a yi wa uba gardama a gaban baƙo. Muka bi shi. Yana gaba yana ɗingishi, kawu na tsakiya yana haki yana ci gaba da magana, ni ina baya. Muka wuce gonakin gero da aka girbe, muka soma hawan tudu. Wurin hawan na ga yadda yake dafa gwiwa a kowane taku, na tuna cewa kullum yake wannan tafiyar shi kaɗai, na ji wani iri, amma na danne.

Ƙarar na fara ji kafin in ga komai, wani gunji mara yankewa. Da muka kai saman tudun kawu ya yi shiru a tsakiyar kalma.

Gonar ba ta da girma, an kewaye ta da ƙaya. Cikinta kuwa fari fat. Sandunan furen sun kai ƙuguna, kowanne da dunƙulen fure a kansa kamar curin fura, sun tsaya a jere, ba wanda ya kwanta, ba gurbi ko ɗaya da ya mutu. Ƙudan zuma sun rufe su. An yi wa kowane layi shinge da kara don kada iska ta karya su, ƙasar kuma a jiƙe take, ba ciyawa ko ɗaya. Na taso cikin albasa, amma a buhu na san ta, ban taɓa ganin ta haka ba.

Baba ya ajiye garwa a bakin rijiya. Ya yi magana yana kallon furen, kuma ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa.

"Ƙudan zuma ka ɗauko garin huren gonaw wani su zuba ma naka. In ka bar iri cikin mutane, baɗi ba ka gane albasakka. Nan ubana, Malam, yash shuka nai hay yab bar duniya. Nan nika shuka nau, shekara talatin. Ba a kawo na kowa nan sai na mai gida."

Na matsa kusa da shi. "To... na bakin rijiya hwa, Baba?"

"Jira niy yi in ga wanga ya kama. Da yak kama, mi za a yi da wancan?"

"Ba cuta ta ba?"

"Lahiyatai lau."

"To ina naka irin yanzu?"

"Kun sha shi miya."

Kawu ya fashe da dariya, ya kama baki, ya kuma yi salati. Ni ban yi dariya ba. Wata guda ina shan miyar gabu ina ƙunƙuni, ashe zaɓen ubana nake sha, wanda ya tuge da hannunsa don ya ga nawa ya isa. Duk irin da gidan Mainasara zai shuka baɗi, da wanda mutanen Mandera da Dingyadi za su zo nema, yana tsaye a gabana, kuma daga kwandunana ya fito.

"Baba, don mi ba ka hwaɗa man ba?"

Ya juyo ya dube ni, da mamaki na gaske a fuskarsa. "Na hwaɗi. Nic ce can ad daidai da su." Ya dubi garwar da ke bakin rijiya. "Kuma kullum garwa nika aje maka bakin ƙohwa. In zamna in jira. In ji ka shure ta."

Ban san inda zan sa kaina ba. Ashe duk safiyar da ya zauna a dakali ni yake jira. Ni ina can ina cewa ya raina ni, shi yana nan yana ganin ɗansa na shure gayyatarsa kullum, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, don shi ba ya buga waya Shagari.

Kawu ya share ƙwallar dariya. "Kai Malam! Garwa ba ta magana. Yaron ga gidana yat tashi, in ba ka hwaɗi abu sau ukku ba bai san ka hwaɗi ba."

"Hm," in ji Baba. Ya sunkuya ya gyara wani kara da ya goce. Yana sunkuye ya ci gaba, murya ƙasa-ƙasa. "Rannan na sake dubin kwandunana bayan ya tashi. Na hidda bakwai da ba su dace ba. Idona ya rage. Cikin nashi ban ishe ko guda ba." Ya miƙe da ƙyar, ya fuskance ni sosai. "Kana ta hwaɗin yadda kaka zaɓe, injin na kuka, rabi nij ji. Wancan na shinshina gindi, ban san shi ba. Sake hwaɗi. Kak ka rage komi."

Shekara guda ina jiran mutumin nan ya ce in yi magana. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na sake buɗewa, idona ya cika. Kawu ya tafa hannu ya ce yau ya ga abin da zai ba da labari har ya mutu, Zainu ya nemi magana ya rasa.

Na juya na ɗauki guga na zura a rijiya. Na cika garwar Baba, na hana shi taɓawa, na bi layin farko ina zuba ruwa a gindinsu a hankali, ƙudan zuma na bugun fuskata. Sai a layi na uku muryata ta dawo. Na soma daga wuya, na zo kan ɓawo, na zo kan warin da gindin albasa ke yi in ruɓa ta soma daga ciki tun ba a gani a waje. Yana biye da ni yana ɗingishi, kunnensa a wajena, yana cewa "hm" a inda ya dace. Har azahar ina zuba, bai katse ni ba sau ɗaya.

Kawu ya koma Shagari shi kaɗai bayan ya ci tuwo da miyar gabu, yana ci yana yi wa Baba tsiya. Ummukulsum ta kwance kaya ba ta ce "ai na hwaɗa maka" ba, kodayake na ga maganar a fuskarta.

Da zafi ya dawo muka yanke kawunan furen, muka shanya, muka murje, muka wanke a ruwa, iri mai kyau ya nutse, baƙi siɗik. Ban daina surutu ba, shi ma bai koyi magana ba. Amma ranar da wani dattijo ya zo daga Mandera neman iri, ina cikin zaure na ji shi a waje yana ce wa Baba bana ma a taimaka masa da na hannunsa. Na kasa kunne.

"Ba nau na ba," in ji Baba. "Wancan yaron ad da shi. Shiga, shina ciki. Amma nemi wurin zama."